Madubi, Hi-C ko kwamfuta: da wanne za ka binciki naɗewar kromosom?

Duk ɗalibin fiziks ko bayoloji da ke son yin bincike a kan yadda kromosom, wato dogon zaren DNA da furotin ɗin da ke jikinsa, ke dunƙulewa idan ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sannan ya warware bayan an gama, dole tun farko ya yanke shawarar da me zai duba. Hanyoyi huɗu ake bi a yau. Akwai kallo da madubin ƙara girma, akwai kama kromosom a ja shi a auna ƙarfinsa, akwai zana taswirar wane yanki ke taɓa wane da dabarar Hi-C, akwai kuma gina zaren a kwamfuta a sake shi ya yi motsi. Kowacce da abin da take gani da inda ta makance, kuma tsadarsu ba ta ma yi kusa da juna ba.

Ga girman matsalar. DNA ɗin da ke cikin ƙwaya ɗaya ta ɗan Adam, in aka miƙe shi, ya kai mita 2, kaurinsa kuwa nanomita 2 kacal. An raba shi gida 46, an cusa shi a cibiyar ƙwaya mai faɗin maikromita 10 ko ƙasa da haka. Kromosom na 1 shi kaɗai yana da haruffan DNA, wato tubalan da suka jeru suka yi zaren, kusan miliyan 249, tsawon santimita 8 da ɗoriya, amma lokacin rabuwa sai ya koma ɗan guntun sanda na 'yan maikromitoci. Tsawon ya ragu kusan sau 10,000 ke nan. Matakin farko ba a gardama a kansa: haruffa 147 suna naɗe furotin takwas na histon su ba da nukiliyosom, sai dai wannan bai rage tsawon fiye da sau 6 ko 7 ba. Sauran duk nan ne ake ja-in-ja. Abin da ya fi ɗaure kai ma shi ne, bayan an kwafi DNA, kwafi biyun suna sarƙe da juna. Zare biyu da suka sarƙe, in ka matse su kawai, ƙara ƙullewa za su yi. Ita kuwa ƙwaya tana matsewa tana kuma raba su a lokaci guda, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba.

Madubi ne mafi tsufa. Da shi Walther Flemming ya zana matakan rabuwar a ƙwayoyin salamanda, ya wallafa a 1882, kuma har gobe kowa zai iya ganin abin da ya gani da albasa guda. Ka ɗora ta a bakin kofi, gindinta yana taɓa ruwa, bayan 'yan kwanaki fararen saiwoyi su fito. Ka yanke kan saiwar milimita ɗaya ko biyu, ka tausasa shi a ruwan asid na haidrokulorik mai ɗumi, ka ɗiga rinin asito-osin, ka rufe da siririn gilashi, ka danna da babban yatsa kai tsaye ba tare da murzawa ba. Albasa tana da kromosom 16, kuma manya ne, don DNA ɗinta ya ninka namu kusan sau biyar. A gilashi ɗaya za ka ga ƙwayar da cibiyarta ke shafe sumul, ta kusa da ita zaruruwa sun fara bayyana, wata sun jeru a tsakiya, wata kuma sun rabu gida biyu. Gani ya kori ji, kuma ban ga dalilin da wanda zai shafe shekaru yana lissafin kromosom zai ƙi yin wannan ko sau ɗaya ba.

Inda madubin haske ya tsaya shi ne wajen nanomita 200. Duk abu biyu da suka fi haka kusanci, ɗaya zai gan su. Kaurin kromosom da ya gama dunƙulewa wajen nanomita 700 ne, nukiliyosom kuwa wajen 11, don haka siffar waje za ka gani, hanyar da zaren ya bi a ciki ba za ta fito ba. Madubin lantarki yana shiga ciki, amma yana da tarihin da ya kamata ya sa mutum taka-tsantsan. Tun 1976 littattafai ke koyar da cewa nukiliyosom suna murɗewa su zama igiya mai kaurin nanomita 30, ita ma ta sake murɗewa. A kwalbar gwaji igiyar tana samuwa. Amma da aka daskarar da ƙwayoyin ɗan Adam na HeLa, waɗanda ake reno a ɗakin gwaji, suna tsakiyar rabuwa, aka yanka aka duba a 2008, ba a same ta ba, haka aikin Clodagh O'Shea na 2017 a cibiyar Salk ya nuna sarƙa ce mara tsari mai kauri tsakanin nanomita 5 zuwa 24. Hoton da ɗalibai suka yi shekaru suna haddacewa ya fi nuna yadda aka shirya samfurin a kan yadda ƙwaya take.

Duk da haka, madubi ne kaɗai ke kallon ƙwaya tana raye, minti bayan minti, kuma shi ne ke auna girman wurin da kromosom ya ci. Da shi ɗakin binciken Jan Ellenberg a Heidelberg ya ƙirga kondensin, furotin ɗin da ke naɗe kromosom, a ƙwayar HeLa a 2018: nau'i na biyu kimanin 35,000, nau'i na ɗaya kimanin 195,000. Irin wannan aiki yana buƙatar madubin leza, ƙwayoyin da aka gyara wa ƙwayoyin gado don furotin ɗinsu ya yi haske, da ɗakin renon ƙwaya da wuta ba ta ɗaukewa.

Hanya ta biyu ita ce ta ɗan fiziks na asali, wato a taɓa a ji. Bruce Nicklas ya yi amfani da siririyar allurar gilashi a ƙwayoyin fara, ya tare kromosom yana tafiya, ya gano a 1983 cewa zaruruwan furotin da ke jansa lokacin rabuwa za su iya kai ƙarfin pikonyuton 700, pikonyuton kuwa ma'aunin ƙarfi ne ɗan ƙanƙani. Daga baya John Marko da abokan aikinsa suka riƙa tsotse kromosom ɗin wata dabbar ruwa da bututun gilashi biyu suna ja. Ya miƙe ninki biyar ya koma yadda yake. A 2002 suka fesa masa sinadarin da ke yanka DNA kaɗai, sai ya yi laushi ya tsinke. Wannan ya girgiza tunanin da aka gada daga hoton Paulson da Laemmli na 1977, wanda ya nuna ginshiƙin furotin a tsakiya da maɗaukan DNA kewaye da shi. Da ginshiƙin nan a haɗe yake daga kai zuwa gindi, da ya riƙe bayan an yanka DNA.

Gwajin da ya fi kowanne tasiri a wannan layi shi ne na 2018, na ɗakin Cees Dekker a Delft ta ƙasar Holan tare da Christian Haering. Sun ɗaure bakuna biyu na zaren DNA guda a jikin gilashi, suka bar shi da sako-sako, suka rina shi, suka zuba kondensin na yis da ATP, sinadarin da ke ba furotin makamashi, suka ɗauki bidiyo. Ka ɗauki zariyar wando ka cusa tsakiyarta cikin zobe, ka riƙe gefe ɗaya, ka yi ta jan ɗaya gefen ta cikin zoben: maɗauki zai yi ta girma, bakin zariyar biyu suna matsowa kusa. Abin da aka ga kondensin guda yana yi ke nan, da gudun da ya kai haruffa 1,500 a daƙiƙa, yana ja ta gefe ɗaya. Kim Nasmyth ya kawo wannan tunani tun 2001, an kuma yi shekaru ana cewa labari ne mai daɗi kawai, sai ga shi a bidiyo. Wani abin lura shi ne injin ba shi da ƙarfi: da zaren ya ɗaure da kimanin pikonyuton 1, sai ya tsaya cak. Yadda dubban injuna masu rauni haka ke gina abin da ke jure ɗaruruwan pikonyuton, tambaya ce da har yanzu take buɗe, kuma ta fiziks ce zalla.

Aibin hanyar a fili yake. DNA tsirara ne a kan gilashi, babu cunkoson histon, babu sauran furotin ɗin da ke gogayya a cikin ƙwaya. Kuma kayan aikin, irin matsefin leza da Arthur Ashkin ya samu kyautar Nobel a kansa a 2018, ɗakunan bincike kaɗan ne a duniya ke da su tare da ƙwarewar tace furotin. In ba ka samu gurbi a ɗaya daga cikinsu ba, ka karanta sakamakonsu ka yi amfani da alƙaluman, amma kada ka gina takardar neman bincikenka a kai.

Hi-C ba ya ganin komai da ido. Ana zuba wa miliyoyin ƙwayoyi fomaldehaid, duk yankunan DNA da ke kusa da juna a wannan lokaci su manne. Sai a daddatsa DNA, a liƙa bakin guntayen da ke manne, a karanta jerin haruffansu. Duk guntun da rabinsa ya fito daga wuri kaza, ɗaya rabin daga wani wuri mai nisa, shaida ce cewa wuraren biyu sun haɗu. In aka tara ɗaruruwan miliyoyin irin wannan shaida, sai a samu taswira. Job Dekker ne ya fito da tushen dabarar a 2002, Hi-C ɗin kansa ya zo a 2009. Kada a rikita shi da Cees Dekker na Delft, mutum biyu ne.

A 2013 Natalia Naumova da abokanta suka nuna cewa duk tsarin da kromosom ke da shi lokacin da ƙwaya ba ta rabuwa, rukunin yankuna masu aiki da marasa aiki da ƙananan unguwannin da ake kira TAD, yana gogewa gaba ɗaya lokacin rabuwa. Kowane kromosom, a kowace irin ƙwaya da suka duba, naɗi iri ɗaya yake yi. Aikin da ya fi zurfi ya zo a 2018, haɗin gwiwar Job Dekker, William Earnshaw na Edinbura da Leonid Mirny na MIT. Sun yi amfani da ƙwayoyin kaza na DT40 da aka gyara yadda za a tsayar da su duka a bakin ƙofar rabuwa, a sake su tare, a riƙa ɗiba bayan 'yan mintoci. Cikin mintocin farko tsohon tsari ya rushe, maɗaukai masu haruffa kusan 60,000 suka jeru. Da aka ci gaba, kondensin na biyu ya yi manyan maɗaukai na wajen 400,000, na ɗaya ya rarraba cikinsu zuwa ƙanana na wajen 80,000. Sai wani layi na biyu ya bayyana a taswirar, alamar cewa ginshiƙin da kondensin ya yi a gindin maɗaukan yana murɗewa, kuma kowane zagaye ya tashi daga haruffa miliyan 3 zuwa miliyan 12. Da suka cire kondensin na biyu, layin ya ɓace, kromosom ya fito dogo siriri. Da suka cire na ɗaya, ya fito gajere mai kauri.

To amma taswirar matsakaicin miliyoyin matattun ƙwayoyi ce. Ba ta faɗin nisa da nanomita, ba ta faɗin ƙarfi, kuma in ƙwayoyin ba a mataki ɗaya suke ba, sai ta gauraya hotuna daban-daban ta ba ka wanda babu shi a ko'ina. Waɗancan alƙaluma na 80,000 da 400,000 ma ba karanta su aka yi daga taswirar kai tsaye ba. An gina samfura a kwamfuta ne, aka zaɓi wanda ya fi dacewa da ita. Shi ya sa a ganina Hi-C da kwamfuta hanya ɗaya ce mai ƙafa biyu.

A kwamfuta ana wakiltar zaren da ƙwallaye jere a sarƙa, kowanne yana tsaye a madadin ɗaruruwa ko dubban haruffa. A hana su shiga jikin juna, a ba su girgizar zafi, a ɗora musu injunan da ke jan maɗauki, a zuba ido. Abin da ake kwatantawa da gwaji shi ne yadda yiwuwar haɗuwar wurare biyu ke raguwa yayin da nisansu a kan zaren ke ƙaruwa. In ka zana shi a ma'aunin logaridim, ƙwayar da ba ta rabuwa tana ba da gangara kusan -1, mai rabuwa kuwa kusan -0.5 har zuwa nisan haruffa miliyan 10, daga nan ta faɗi ƙasa. Da irin wannan samfuri Anton Goloborodko da Mirny suka nuna a 2016 cewa jan maɗauki, in aka haɗa shi da topoisomeres na biyu mai yanka zare ya wuce da wani ya sake liƙewa, ya isa ya gajarta kromosom ya kuma raba kwafi biyun. Dalilin kuwa mai sauƙi ne: maɗauki daga zare ɗaya kawai ake jansa, kuma maɗaukan da suka cunkushe a kan ginshiƙi suna ture na maƙwabci. Wannan shekara biyu ke nan kafin bidiyon Delft. Haɗarin kwamfuta shi ne ba ta musu. Abin da ka zuba shi za ta dafa maka, kuma samfura biyu masu saɓanin tushe suna iya fitar da gangara ɗaya in ka yi ta murɗa alƙaluma.

Akwai abin da ya kamata mai zaɓe ya sani: kayan aikinka ne zai tura ka ɓangaren da za ka tsaya a muhawarar. Masu Hi-C da kwamfuta maɗaukai suke gani, don haka kondensin ne gwarzonsu. Masu madubi da ke auna girma sun daɗe suna lura cewa ko an cire kondensin, kromatin, wato DNA da histon ɗinsa, yana matsewa, siffar sanda ce kawai ke lalacewa. Ɗakin Daniel Gerlich a Viyana ya bi wannan a 2022. DNA yana ɗauke da caji nagatif, wutsiyoyin histon suna da fozitif, kuma lokacin rabuwa ana cire musu alamar asetil, sai janyewar juna ta ƙaru. Da suka hana cire alamar da maganin trikostatin A, kromosom ya kumbura, har zaruruwan da ya kamata su ja shi daga waje suka huda cikinsa. Da suka yi wa ƙwaya mai rabuwa allurar sinadarin da ke daddatsa DNA, guntayen ba su watse ba, sai suka taru suka zama ɗigo-ɗigo masu zagaye. Ɗakin nan ne kuma ya nuna a 2016 cewa furotin Ki-67 yana lulluɓe saman kowane kromosom ya hana shi mannewa da ɗan'uwansa. Yadda na fahimci lamarin, kondensin ke ba da siffa da tauri, sinadaran histon da gishirin cikin ƙwaya ke ba da cunkoso. Hi-C kusan bai ganin na biyun, madubin haske kuma bai ganin maɗaukan da ke haifar da na farkon.

Ɓangaren warwarewa an fi barin sa a baya, kuma nan nake ganin sabon shiga zai samu fili. Ba juya fim baya ba ne. Idan aka rusa furotin saiklin B, aikin CDK1, furotin ɗin da ke tafiyar da rabuwa ta hanyar liƙa wa wasu fosfet, ya faɗi, furotin masu cire fosfet suka karɓi ragama, kondensin yana sauka, kohesin yana hawa, shi ma mai jan maɗauki ne kamar yadda aka tabbatar a 2019. A shekarar ne ayyuka biyu na Hi-C, ɗaya a ƙwayoyin HeLa ɗaya a na ɓera, suka bi wannan sauyi, suka ga tsarin yana dawowa daki-daki cikin awanni, alhali rushe shi mintoci ya ɗauka. Kuma kromosom ɗin da suka kumbura ba sa cakuɗewa, kowanne yana zama a yankinsa. Angelo Rosa da Ralf Everaers sun lissafa a 2008 cewa zare mai tsawon na ɗan Adam zai buƙaci ɗaruruwan shekaru kafin ya sarƙe da maƙwabtansa sosai, ƙwaya kuwa kafin nan ta sake rabuwa. Ma'ana, cibiyar ƙwaya tana ɗauke da sawun rabuwar da ta wuce. Wannan tambaya ce da lissafi da kwamfuta ke iya ci gaba da ita ba tare da kwalba ko ɗaya ba.

Saboda haka, in fiziks, lissafi ko kimiyyar kwamfuta ka karanta, kuma a jami'ar da ba ta da ɗakin renon ƙwaya kake, shawarata ka ɗauki bayanan Hi-C da wasu suka riga suka samar ka haɗa da samfurin kwamfuta. Bayanan ayyukan da na ambata suna ajiye kyauta a rumbun GEO na Amurka, wasu kuma a shafin shirin 4D Nucleome. Manhajojin cooler, cooltools da HiGlass kyauta ne, haka polychrom da ke gudana a kan OpenMM. Abin da za ka biya shi ne data, wuta da koyon Python. Ka nemi taswirar da aka riga aka tace maimakon ɗanyen karatun na'ura, wanda girmansa zai cinye maka data ya cika maka faifai. Ƙaramin samfuri zai gudana a kwamfutar cinya, amma kromosom cikakke yana son katin GPU, na haya a intanet ko na wani sashe a jami'a.

In kuwa bayoloji ka karanta kuma madubin haske ne a hannunka, kada ka yi alkawarin gano tsarin ciki. Ka yanka tambayar daidai wuyanta: tsawo da kaurin kromosom ɗin albasa a kowane mataki, da yadda suke canzawa da zafi, gishiri ko magani. Albert Levan ya nuna tun 1938 cewa kolcisin yana tsayar da rabuwar saiwar albasa, kromosom su ci gaba da gajarcewa, kuma manhajar ImageJ za ta auna maka daga hoton da ka ɗauka. Kolcisin guba ne, sai da safar hannu da izinin mai kula da ɗakin gwaji. Wanda kuma ya samu tallafin fita waje, ya duba wane ɗaki ne ke da abin da ba zai samu a gida ba: Delft don kallon furotin guda, Viyana da Heidelberg don madubi, RIKEN ta Japan wurin Tatsuya Hirano, wanda ya gano kondensin a ruwan ƙwan kwaɗo, kuma ɗakinsa ya harhaɗa kromosom a kwalba da abubuwa shida kacal a 2015.

Ga mai bin hanyar kwamfuta, aikin watan farko shi ne ya sauko da taswira biyu na ƙwayoyin kazan nan, ta kafin a sake su da ta bayan minti 60, ya zana gangarar kowacce da hannunsa, ya nemo tudun da layin nan na biyu ke yi a gangarar wajen haruffa miliyan 12. In ya fito, sai ya ɗauko ta ƙwayoyin da aka cire wa kondensin na biyu ya ga ko tudun ya ɓace. Daga nan ne zai fara rubuta samfurinsa, ya kuma ware wasu bayanan gefe guda, waɗanda ba zai taɓa ba sai ranar gwada samfurin.